Tabawa Mai Kitso Da Jan Da Ta Zata Goro Ne

Wata rana Tabawa mai kitso ta shimfiɗa tabarma tun hantsi, ta jera mataji da tsinke da man gashi. Har aka kira azahar ba wadda ta yi sallama.

Ba kuma ranar aka fara ba.

A da sai an bi layi a tsakar gidanta. Yanzu mace in ta zo sau ɗaya, shi ke nan. Wata ma ana tsaka da kitsa mata shuku ta miƙe, wai ta bar tukunya a wuta.

Kuma duk gidan Uwani suke komawa, sabuwar mai kitson da ta tare a bayan layinsu.

Tabawa ta ce a ranta, wannan ba banza ba.

Uwani ta aiko mata da ɗanwake, Tabawa ta juye wa kaji. Ta ga tsumma a bakin ƙofa, ta ce ajiye mata aka yi.

In ta yi asuwaki sai ta ga ja a yawunta. Ba ta damu ba, don tun tana budurwa take cin goro tana goga furen taba, haƙoranta su yi jawur. Amma da na gaba suka fara girgiɗi, sai ta ce to, jifan ya iso jiki.

Ta daina amsa gaisuwar Uwani.

Rannan sai ga Inna Kulu, dattijuwar da ta daɗe tana kawo mata kai. Tabawa ta sunkuya tana kitso tana zuba ƙorafi.

"Inna, yarinyar nan ta gama da ni. Asiri ta yi ta kwashe min mutane."

Inna Kulu ta ɗago ta dube ta.

"Tabawa, ki ji tsoron Allah. Bakinki ne ke korar su. Ni kaina numfashi nake riƙewa, kunya ce ta hana mu faɗa miki."

Tsinken ya suɓuce daga hannun Tabawa.

Washegari ta tafi wurin likitan haƙori, tana tafe tana zargin Inna Kulu ma an saye ta.

Likita ya duba ya ce ciwon dasashi ne, ya daɗe yana ci. Datti ne ya daskare a gindin haƙoran kamar dutse. Jan da take gani jini ne, goro da fure suka rufe shi. Warin ma daga nan yake.

Aka kankare dattin, aka ba ta magani. Haƙori ɗaya ya riga ya lalace, sai cirewa. Ya ce da ta ƙara jinkiri, da sauran sun bi shi.

Da bakin ya warke, ta yafa mayafi ta je neman gafarar Uwani. Baiwar Allah ko sanin ana gaba da ita ba ta yi ba.

Ba duk masu zuwa kitson ne suka dawo ba. Amma wadda ta fara kwance ɗankwali a gabanta Uwani ce, ta ce dama ta rasa mai yi mata.

Darasi: Kafin ki ɗora wa wata laifi, 'yar'uwa, ki fara duba jikinki. Jini a wurin asuwaki ciwo ne, a kai shi asibiti tun haƙora na tsaye. A goge baki safe da dare. In kuma kin ji wari daga bakin wadda kike ƙauna, ki ja ta gefe ki faɗa mata cikin mutunci.

Ki tura wa wata, ƙila kunya ce ta sa ba a gaya mata ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya tsare mu da mummunan zato.