Kawu da Tsumman Fim

Jiya a cikin Keke Napep na ga wata mata tana kallon fim a wayarta, irin na mutanen da masu manyan riguna, inda talaka ke zama attajiri. Sai na tuna da Kawu, yayan mahaifiyata, tela a kasuwar Kontagora, wanda ya rasu shekara uku da suka wuce.

Ina son irin waɗannan finafinai, musamman lokacin da na gama makaranta na rasa aiki. Shi kuwa bai taɓa yarda da su ba. Wata Juma'a bayan la'asar muna kallo a shagonsa, ga warin man keken ɗinki, ga ƙamshin gasasshiyar masara daga waje, sai ya gyara tabarau ya matso kusa da talabijin, yana duban jarumin fim ɗin da ke sanye da tsumma.

Ya ce, "Wannan tsumman da almakashi aka yanka shi. Rigar talaka a kafaɗa take mutuwa, wurin ɗaukar kaya. Dubi diddigensa ma, ko faso babu."

Na ce, "Kawu, ai labari ne."

Da jarumin ya tare a sabon gidansa, Kawu ya ce, "To ina uwarsa? Tun da ya baro ƙauye ba a sake nuna ta ba."

Ya koma kan kekensa, ya daɗe bai taka ba.

Sai bayan rasuwarsa mahaifiyata ta gaya mini cewa da ya fara samu, ya gina wa kakarmu ɗaki a nan gari. Saura rufi ta rasu a ƙauyensu, Beri.

Allah Ya jiƙan su, Ya sada shi da ita a Aljanna.