Yabon da Abokina Ya Yi Mini

Ni likitan dabbobi ne. Yau ina faɗin haka harshena bai yi nauyi ba, amma a shekarar da nake ba da labarinta, ko wuƙa aka sa mini a wuya ba zan iya tsayawa gaban babban mutum in ce na iya aikina ba. Haka aka rene mu. A gidanmu yaro ya kuskura ya ce "ni na iya", sai ya sha ranƙwashi.

Ina da ɗan asibitin dabbobi a unguwar Runjin Sambo: ɗaki ɗaya, teburin ƙarfe, da firij na ajiye allurar rigakafi. Aiki ya yi ƙasa ƙwarai. Sai in wuni ban ga komai ba sai akuya mai zawo, ita ma mai ita ya fi son shawarar kyauta a bakin ƙofa. Yayana, wanda ya ɗauki nauyin karatuna, yana da shagon kayan masarufi a Mabera, kuma ya gaya mini ƙarara cewa in damina ta wuce ban tsaya da ƙafata ba, in rufe in zo in taya shi awo. Ba da mugunta ya faɗa ba. Ina da iyali, kuma shi ke cike mini giɓi.

Ana cikin haka aka kira taron masu kiwon zamani a zauren wani otal. An ce wani Alhaji zai halarta, wanda ya buɗe babbar gonar shanun madara a bayan gari, kuma yana neman likitan da zai riƙa duba masa su. Na tafi da abokina, wanda muka yi jami'a tare, shi ma likitan dabbobi ne amma yana da albashinsa a ma'aikata. Tun muna ɗalibai yake kira na Malam, don ni ke jan su salla a ɗakin kwana.

Bayan jawabai, wata mata daga cikin masu shirya taron ta ɗauki lasifika ta ce yanzu lokacin sanin juna ne, kowa ya tashi ya zagaya ya tallata kansa. Tallata kai! Sai ka ce awara. Na tsaya jikin bango riƙe da kwalbar lemo, iyakwandishan na ta busa amma gumi na bin bayana. Abokina ya dube ni ya fashe da dariya.

"Malam, ka ga wanga abu ba namu na ba," in ji shi. "Mu yi dabara. Kai ka yabe ni, ni in yabe ka. Babu wanda ya yabi kansa ke nan."

Wallahi na ji daɗin wannan shawara. Muka kutsa har gaban Alhaji, muka rusuna, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da zafi. Ni na fara. Na ce ranka ya daɗe, wannan da kake gani, shekarar da ciwon huhu ya shiga garken wasu Fulani, shi ya tare a rugar har ya ga bayan cutar. Na faɗi yadda yake gane saniya mai ciki tun da wuri, da yadda hannunsa ke da sauƙi wajen allura. Duk gaskiya ce, ban ƙara gishiri ba. Alhaji na ta gyaɗa kai.

Sai na sunkuyar da kai, ina jiran nawa. Na san abin da abokina zai faɗa. Shanun birni suna cin leda a bola, ta taru a tumbi ta kashe su, kuma ni ne gwanin tsaga ciki in fitar da ita in ɗinke. Shi kansa ya sha riƙe mini igiya.

"Shi kuwa Malam," in ji abokina, ya dafa kafaɗata, "tun da munka san shi ba mu taɓa jin ƙarya bakinai ba. Ɗan gidan mutunci na. Ga haƙuri, ga riƙon amana, salla ba ta wuce shi."

Ya tsaya nan. Ya tsaya yana murmushi kamar wanda ya ba ni kyautar doki. Alhaji ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce irinmu sun yi ƙaranci a zamanin nan. Na miƙa masa katina, ya miƙa wa direbansa ko dubawa bai yi ba. Lambata dai ya sa a waya, na ga ya rubuta "Malam na taro". Da aka zo tashi, shi da kansa ya ce a ba ni lasifika in rufe da addu'a. Na yi addu'ar, zuciyata na tafasa.

A hanyar komawa gida, a kan babur ɗin abokina, wajen Ƙofar Marke, na kasa daurewa na ce ya tsaya.

"Haba! Aure na je nema? Ina tiyatar? Ina ledar?"

Ya juyo da mamaki na gaske, har idonsa ya kaɗa. "Subhanallahi, Malam. Abin da ya fi daraja na faɗa. Aiki ai kowa na yi. Gaban babban mutum in tsaya ina maganar leda cikin tumbin saniya?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da gaske yake. Da cin amanata ya yi, da na zage shi tas na huta.

Shi aka ba aikin gonar. Ya zo har gida ya ce zai ƙi karɓa, na ce kada ya sake ya mayar da ni abin tausayi. Ya yi alkawarin zai gyara maganar wurin Alhaji, kuma na yarda ya gwada, amma babban mutum in ya riga ya ajiye ka a wuri, sauran bayani wucewa yake ta bayan kunnensa.

Sanin mutane kuwa, na samu har ya ishe ni. An sa ni a zauren hira na waya na mahalarta taron. Duk taron da za a yi sai an kira ni, ni ne buɗewa, ni ne rufewa. Biyu daga cikinsu sun yi rigima kan iyakar gona, ni aka kira sulhu. Na taɓa cije leɓe na sa hoton asibitina a zauren, kafin la'asar gaisuwar Juma'a ta binne shi. Manyan motoci suna tsayawa a gaishe ni a titi, maƙwabta suna cewa na yi goshi, ni kuwa firij ɗina babu komai ciki sai ruwan sha.

Damina ta wuce. Na sayar da firij da teburin, na naɗe kayan tiyata a tsumma na tura ƙarƙashin gado, na koma Mabera.

Wata rana da hantsi ina auna wa wata mata sukari, waya ta yi ƙara. Alhaji ne, muryarsa a tashe. Babbar saniyarsa ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, ana zaton leda ce, abokina kuma ya tafi kwas Zariya.

"Malam, kai da ka san mutane, don Allah ko ka san wani likitan dabbobi na ƙwarai?"

Yayana na tsaye kusa, yana jin komai. Na ajiye mudun. Na faɗa, karo na farko a rayuwata.

"Ranka ya daɗe, ni likitan dabbobi ne. Wannan tiyatar babu wanda ya fi ni iya ta a garin nan."



"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Malam, tun yaushe?"