Abin da Kawu Bai Gaya wa Yaya Ba

Rannan na shiga wani kantin magani a unguwar Rusaifa, nan Makka, sai wani dattijo da ke gabana ya buɗe kwalbar man zafi yana shinshinawa kafin ya biya. Da warin ya doki hancina, sai na gan ni a saman benen gidanmu na unguwar Mansur, ina yarinya, Kawu na zaune a tabarma ya naɗe ƙafar wando yana murza gwiwoyinsa. Har na bar kantin raina a ɓace yake. Bari in gaya maka dalili.

Kawu ƙanen kakarmu ne ta wajen uwa. Mun ji Inna na ce masa Kawu, mu ma muka bi. Shi da Kaka a wani gari na ƙasar Chadi aka haife su, mu kuwa jikoki a Makka muka buɗe ido, a gidan haya a kan dutse, inda sai ka haye doguwar matakala kafin ka kai ƙofa. Da bazara ɗakuna kan zama kamar tanda, shi ya sa da an yi la'asar muke hawa sama. Kaka takan jiƙa waken ƙosan da za ta sayar gobe, ƙamshin shayin Kawu ya gauraya da na man zafinsa, kiran salla kuma yana tasowa daga masallatai ta kowane gefe.

A can saman ne na ji labarin ranar da sojoji suka faɗo wa garinsu daga sama. Na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kullum kashi biyu yake. Kawu yakan ce yana saurayi a lokacin, da hantsi aka ji ƙugin jirgi, ya ɗaga kai ya ga sama ta cika da fararen laimomi, kowace da mutum yana reto a ƙarƙashinta. A cewarsa 'yan tawaye ne suka kewaye garin, ba hanyar da mota za ta shigo, sai aka sauke sojojin Turawa a bayansu suka kame filin jirgi. Aikin sojan laima ke nan, in ji shi, ya isa inda ba hanya, ya riƙe gada ko fili har sauran runduna su iso. Tun daga ranar ya ƙudurta sai ya zama ɗaya daga cikinsu, kuma ya zama, a rundunar ƙasarsu. Dirowar da ya yi ta yi ce ta cinye masa gwiwoyi.

Kaka ba ta cika katse shi ba, sai ya kai ƙarshe. Ita abin da ta sani, bayan saukarsu aka kwana biyu ana harbi, kasuwa ta kama da wuta, mijinta ya fita duba rumfarsa ta hatsi bai dawo ba. Har ta rasu ba ta san harsashin wa ya same shi ba. "'Yan'uwansu Turawa suka zo kwasa," takan ce, hannunta cikin ruwan wake. "Da suka kwashe su, suka hau jirginsu suka bar mu da toka." Daga nan ta ɗauki Inna a goye, ta bi ta Sudan, har Allah Ya kawo ta nan.

Ni labarin Kaka ya fi zauna mini. Yayana kuwa, wanda nake bi, na Kawu ya shiga ransa. Tun yana firamare ya ce shi sojan laima zai zama. Akwai tarin yashi da masu gini suka bari a bayan gidanmu, sai Kawu ya riƙa sa shi dirowa daga katanga, yana koya masa haɗe ƙafafu, da lanƙwasa gwiwa, da mirginawa ta gefe. Da an idar da sallar asuba Yaya zai yi ta hawa da sauka a matakalar unguwa a guje, har maƙwabta suka saba da ƙarar takalminsa. Ko azumi bai hana shi ba. Lokacin aikin Hajji, in an nuna faretin sojoji a talabijin, ba ya ko ƙifta ido. Shekaru aka kwashe a haka, tun muryarsa na siririya har ta buɗe.

Abin da kowane babba a gidan ya sani shi ne mu ba 'yan ƙasa ba ne. Igama muke da ita, wato takardar izinin zama, ita ma sai Baba ya sha wahala kafin a sabunta. Soja kuwa sai ɗan ƙasa. Yaya ya sha jin haka a bakin abokai, amma ya ɗauka haihuwa a Makka za ta ishe shi in ya girma. In ya kawo maganar, Kawu ya ce, "In Allah Ya so, soja." Inna ta ce ya je ya yi karatu. Baba ba ya gida sai dare. Ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa gaskiya.

Da ya gama sakandare, sai ya bi wani abokinsa ɗan ƙasa suka je neman shiga. Ya sa farar jallabiyar da ya goge da kansa. Kafin azahar ya dawo shi kaɗai. Bai tsaya a ɗaki ba, ya wuce sama, na bi bayansa. Kawu na ƙarƙashin rumfar buhu da muke fakewa daga rana.

"Ko takarduna ba su karɓa ba," in ji Yaya. "Kawu, dama ka sani?"

Kawu ya ce, "Na sani."

"To me ya hana ka gaya mini?"

"Duk garin nan kai kaɗai kake tambayata yadda ake dirowa," in ji shi. "In na gaya maka, wa zai sake tambaya?"

Kaka ta hau a lokacin, tana haki saboda matakala. Ta dafa kafaɗar Yaya ta ce, "Maigidana, ka yi haƙuri. Ni sanin ba za su ɗauke ka ba shi ke sa ni barci." Yaya ya cire hannunta a hankali ya sauka. Bai sake hawa saman nan ba in Kawu na can. Da Kawu ya rasu bayan ɗan lokaci, da Yaya aka ɗauki makara, amma bai yi kuka ba, a gabanmu dai.

Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Tsofaffi biyu, kowa da ranarsa guda da ya kasa saukewa daga kansa, suka ɗora wa yaro ita. Ɗaya ya yi shiru don kada ya rasa mai sauraro, ɗaya ta yi shiru don hankalinta ya kwanta. Da an gaya masa da wuri, da ƙarfin nan da naci sun tafi wajen wata sana'ar da ƙofarta ke buɗe mana.

Yanzu an rushe ɓangaren unguwar da muka tashi, titi ya bi ta wurin. Yaya na tuƙin motar kai kaya a unguwar Shisha, furfura ta fara masa. 'Ya'yanmu Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, yaƙin da suke gani a waya ma na jirage marasa matuƙi ne, ba kasafai ake ganin mai dirowa ba. Amma takardarmu tana nan yadda take.

Kwanakin baya ƙaramin ɗana ya ce shi matuƙin jirgin yaƙi zai zama. Nan take na zaunar da shi na gaya masa abin da igama ke bari da abin da ba ta bari. Ya tashi jiki a sanyaye. Da Yaya ya zo cin abincin Juma'a na ba shi labari, ina jiran ya ce na kyauta. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ƙanwata, kin yi gaggawa," in ji shi. "Ni tun da na daina shirin nan ban sake tashi da asuba ina ɗokin gari ya waye ba."

Haushin da na riƙe shekara da shekaru saboda shi nake riƙe da shi, ga shi kuma ya ƙi karɓa.