Ranar da Umma Ta Gyara Ɗankwali

Wata Lahadi ce a watan Yulin 1976, shekarar da Landan ta yi zafin da tsofaffin Turawan layinmu suka rantse ba su taɓa gani ba. Ciyawar filin wasa ta bushe ta yi ja, mu kuma a saman benenmu na Tottenham mun wangale tagogi duka amma iska ta ƙi shigowa. Mun gama cin tuwon samolina da miyar kuka, ina tattara kwanuka, sai Baba ya ɗauki cokali ya ƙwanƙwasa kofin gilashi. A gidanmu wannan ƙarar na nufin majalisa za ta zauna. Na ajiye kwanukan na dawo kusa da ƙanena Bashir, Umma kuwa tana can ƙarshen tebur, hannuwanta a kan cinya. Shekarata goma, Bashir shida. Baba ya yi gyaran murya ya ce yau maganar babba ce: ko mu koma gida Najeriya kafin sanyi ya shigo, kamar yadda aka tsara tun farko, ko mu ƙara shekara guda ya kammala littafin digirinsa, tunda ofishin ɗalibai sun ce za su ci gaba da ɗaukar nauyinmu. Kowa zai ɗaga hannu, ɓangaren da ya fi yawa shi za a bi. In kuma an yi kunnen doki, to tsarin farko ya tsaya, mu ɗaure kaya.

Wanda ya san gidan Bahaushe zai ce wane irin uba ne ke tambayar yara inda za a zauna. To Baba ne, kuma littattafai ne suka ja masa. Zamanin kuɗin fetur ne, gwamnatin jiharmu na ta tura malaman makaranta ƙasashen waje, wasu likitanci, wasu injiniya. Shi da ya tashi zaɓa sai ya zaɓi tunanin masanan Turai na shekara ɗari uku da suka wuce, lokacin da mutanen Landan suka yi wa sarkinsu shari'a suka fille masa kai. Ya taɓa nuna mana wurin muna dawowa daga wajen Charing Cross, yana bayani da hannu bibbiyu, Umma tana jan mu gefe tana cewa, "Subhanallahi, a gaban yara?" Daga cikin masanan nan akwai wanda ya ce in babu mai mulki mutane cinye juna za su yi. Akwai wanda ya ce a'a, mulki amana ce, ba ya halatta sai da yardar waɗanda ake mulka, kuma wanda ya yi shiru ya ci gaba da zama a ƙasa yana cin amfaninta, shirun nan nasa yarda ce. Wannan na biyun shi ne mutumin Baba. Da yake ba shi da ƙasar da zai gwada maganar a kanta, sai ya gwada a kanmu. Mun ɗaga hannu kan ranar wanki, mun ɗaga kan ko za a sayi talabijin, har kan sunan kyanwar maƙwabta da ta mayar da barandarmu gidanta.

Ni dai ɗalibar Baba ce, ba na ɓoyewa. Ranar Asabar yakan tsaya a saman matakala da dankalin turawa babba a hannu guda, ƙarami a ɗayan, ni ina ƙasa na kwanta rub da ciki ina kallon wanda zai riga sauka, don wani ɗan Italiya ya ce tare za su iso, mu kuma ba za mu yarda ba sai mun gani. Ya sayo wani guntun gilashi mai kusurwa uku a kasuwar 'yan gwanjo, muka tare hasken taga da shi, launin bakan gizo ya zuba a bangon kicin, na yi ihu har matar da ke zaune a ƙasanmu ta buga silin da tsintsiya. Da fitila da lemo ya nuna mini yadda dare da rana ke zuwa. Abin da yake yawan faɗa mini shi ne, "Kada ki karɓi magana don babba ne ya faɗa, ki gwada." Ranar da ya ba mu labarin wani Bafaranshe da ya zauna a ɗaki yana shakkar komai, har hannunsa da ƙafarsa, Umma tana yanka albasa ta ce, "Shi wannan ba shi da aikin yi ne?" Baba ya yi dariya har da hawaye, ita kuma ta kwashe dankalin da muka farfasa ta dafa.

Tsakanina da Umma kuwa akwai kunyar 'yar fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ko a Landan inda babu surukar da za ta ji. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ta yi mini wasa a gaban mutane, in za ta yabe ni sai dai ta faɗa wa bango ina ji. Amma tare muke yin komai. Ni nake shigo da kwalaben madara daga bakin ƙofa, ni nake tura keken Bashir na jarirai cike da kayan wanki zuwa shagon injinan wanki, mu zauna muna kallon zannuwanta suna juyawa. Ita ta koya mini carafke da tsakuwar da muka tsinto a filin wasa, har na koya wa 'yan ajinmu, aka daina tsallen igiya na ɗan lokaci. Kuma ni ce kaɗai nake gida in tana guga tana sauraron kaset ɗin Iya, mahaifiyarta, da ke Rano. Lokacin baƙi ba sa yanke mana, masu zuwa ganin likita a Marylebone da masu zuwa sayayya, kowa da ƙullin daddawa ko kilishi, wani lokaci da kaset. A na ƙarshe muryar Iya ta yi ƙasa, tana magana tana hutawa, ana jin kaji a bayanta. Ta gaishe da kowa, sannan ta ce, "In kuna tafe ku taho, ƙafar ta fara ƙi." Wanda ya kawo kaset ɗin ya ce wa Baba jikin tsohuwa da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa da baki. Tun daga ranar Umma ta fara cika akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado: bargo mai laushi, rigar sanyi ta ulu, man zafi na shafa a gwiwa. Ni nake riƙe mata murfin akwatin in tana shiryawa, don haka ba zan ce ban sani ba.

Amma ni ma ina da nawa akwatin a zuci. In aka koma makaranta zan shiga ajin ƙarshe, ajin da malamarsa ke da madubin hangen taurari, wadda take kai ɗalibai can wajen kogi su ga inda aka ja layin da ya raba gabas da yamma. Shekara guda ina jiran wannan ajin. Rano kuwa ban tuna komai nata ba sai wata bishiyar mangwaro da hannun wata tsohuwa mai ƙamshin man shanu.

Baba ya ce masu son a ƙara shekara su ɗaga. Kafin ya rufe baki hannuna yana sama, har ina ɗaga ɗuwawu daga kujera yadda muke yi a aji. Shi ma ya ɗaga nasa, yana murmushi. Sai ya ce masu son a koma. Bashir ya ɗaga duka biyu yana ihun "Aeroplane!", Baba ya ce ɗaya za a ƙirga. A nan na ga hannun Umma na dama ya bar cinyarta. Ya taso a hankali ya wuce kafaɗa, ya ɗan tsaya wajen kunne, sannan ya kama bakin ɗankwalinta ya ja shi gaba. Baba ya dube ta ya ce, "Hannu ne, ko gyaran ɗankwali?" Ta ce, "Ɗankwali ne." Ya ce to biyu da ɗaya, wadda ta yi shiru kuma ta yarda da abin da jama'a suka yanke. Ya sake ƙwanƙwasa kofin. Umma ta tashi ta ɗauki kwanukan da na ajiye, aikin da nawa ne, ta shige kicin, na ji ruwan famfo yana zuba ya daɗe bai tsaya ba.

Ba mugu ba ne Baba. Da ya ga akwatin ya yi mata alkawarin da hutun ƙarshen shekara za ta je ita kaɗai ta ga Iya ta dawo. Abin da mu yara ba mu sani ba, don ba a faɗa wa yara irin wannan, Umma tana da ƙaramin ciki. Kafin hutun ya zo ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ko kusa da jirgi kada ta je. Na shiga ajin da nake so, na leƙa madubin, na ga ramukan da ke jikin wata, na dawo gida ina ba da labari da ƙarfi, Umma tana kwance tana ce wa bango, "Yarinyar nan akwai kai." Wata safiya cikin tsananin sanyi ina ɗaura takalmin makaranta, sai ga abokan Baba su uku sun hawo bene, babu wanda ya yi mini wasa kamar yadda suka saba. Suka cire takalma, suka kira Baba gefe. Iya ta rasu, an ma riga an kai ta makwancinta kafin labarin ya iso. Matan ɗalibai da na 'yan jarida suka cika ɗakin kwana da kwana, ana dafa shinkafa a tukunyar aro, ana ta "Allah ya jiƙanta". Ni kuma na maƙale a bayan ƙofa, duk wadda ta shafa kaina ta ce in yi haƙuri sai in ji kamar ta san abin da hannuna ya yi. Lissafin ba shi da wuya ko ga 'yar shekara goma: da na bi Bashir, da mu biyu ne Baba shi kaɗai.

Da furanni suka fara fitowa Umma ta haifi mace, aka sa mata sunan Iya, muke kiranta Ummi tunda Umma ba za ta iya kama sunan mahaifiyarta ba. A cikin bargon nan mai laushi aka naɗe ta aka kawo ta gida. Majalisa ba ta ƙara zama ba. Babu wanda ya ce an rushe ta, cokali ne kawai ya koma aikinsa na cin abinci. Baba ya kammala littafinsa muka koma gida, ya yi shekaru yana koyar da masanan nan a jami'a, kuma ɗalibansa sun ce in ya iso kan maganar shiru yarda ce yakan tsaya ya ce musu, "Wannan ku yi hattara da ita." Har ya rasu bai taɓa ɗora mini laifi ba, na tabbata nasa kason ya ishe shi.

Yau jikokin Umma suna warwatse a ƙasashe, kowa in ya ga dama sai ya danna waya ya ga fuskarta, ba mai jiran kaset, ba mai jiran hutu. Ni na yi rayuwata ina koyar da kimiyya a makarantar 'yammata, da guntun gilashin Baba a aljihun tebur. Umma tana wajena a Kano, hannunta ya fara rawa, ni nake ɗaura mata ɗankwali da safe. Kwanan baya ina cikin ɗaurawa na yi ƙarfin hali, na sa abin cikin wasa na ce, "Umma, kin tuna ranar da kika gyara ɗankwali a majalisar Baba?" Sai ta dubi bango, kamar kullum, ta ce, "Hannu ne. Sai na ga na yarinyar nan a sama, tana ta murna. Ina ni ina ja da ita?"

Na ƙarasa ɗaurin. An koya mini ƙirga hannuwan da suka tashi, amma wanda ya tsaya a wajen kunne shi ya kamata in duba.