Ranar da Na Wanke Faifan Baba

Jajibirin babbar sallah, shekarar da nake aji uku a ƙauyenmu na wajen Mabai, Inna ta ce a fito da kayan ɗakin Baba a wanke. Ni kuwa lokacin akwai rawar kai da son a yaba. Na wanke buta, na wanke kwanon shansa, sai idona ya kai kan baƙin faifan garmahonsa. Na sa toka da soso na dirje shi har takardar tsakiyarsa ta saɓule, na kife shi a rana kusa da tukwane, na tafi wasan carafke.

Faifan nan shi kaɗai Baba ya dawo da shi daga Kaduna, inda ya yi shekaru yana busa ƙaho a badujala kafin ciwon ƙirji ya maido shi gona. Kiɗan jaz ne na baƙaƙen Amurka. Duk Juma'a bayan la'asar yakan sa batir ya ɗora allura, mu kuma muna ɓare gyaɗa a tsakar gida. Maƙwabta suna yi masa tsiya, wai wane irin kiɗa ne ba mawaƙi, ba a wasa kowa. Shi kuwa sai ya ce mini, "Saurara, ɗiyata. Mai busa ya yi magana, mai ganga ya ba shi amsa, ba mai katse wani." In ƙahon ya ja numfashi ya yi ƙasa, sai Baba ya rufe ido, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa.

Kafin in dawo, rana ta lanƙwasa faifan kamar busasshen ganye. Baba ya daɗe yana juya shi a hannu. Na jira duka, bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. "Ya fita tas," ya ce, ya tura shi ƙarƙashin katifa ko zai miƙe. Bai miƙe ba. Har Baba ya rasu ban ƙara ganin yatsun nan sun motsa ba.

Yanzu muna Ƙanƙara, rashin tsaro ya raba mu da gidan. Ɗana ya ce babu kiɗan da babu a waya, in faɗi sunansa kawai. Ban san sunan ba, kunya ta hana ni tambayar Baba tun yana raye. Sai in kwaikwaya masa da baki, ya yi ta lalube, ya ce abin bai isa ba. Gaskiyarsa, kowace shekara abin da nake tunawa raguwa yake yi. Ina tsoron ranar da zan buɗe baki in ji babu komai.