Tsohon da ya hana a canza tasha

A tashar motar Bucaramanga, a ƙasar Kolombiya, da rana tsaka, wani tsoho yana zaune gaban talabijin ɗin bango, malafarsa a kan gwiwa. Fuskarsa ta sha rana, hannayensa kuwa na mai tsinkar kofi ne. Matarsa na gefensa tana ɓare lemo.

A cikin wasan da ake nunawa, wani magidanci yana gaya wa matarsa cewa ya so ta da gaske, ya kuma so wani namiji da gaske, babu ƙarya a ko ɗaya.

"Kai, zaɓi ɗaya mana, makwaɗaici!" in ji wani direba. Jama'a na dariya, yana miƙa hannu zai mayar da talabijin ɗin tashar ƙwallo.

"Ɗana, bar shi ya gama maganarsa," in ji tsohon.

Muryar ba ta da ƙarfi, amma direban ya janye hannunsa.

Tsohon ko ƙiftawa ba ya yi. Ina zaune kusa da su, ina kallonsa ina ƙiyasi. Wataƙila shekara hamsin ke nan yana jiran ya ji an faɗi wannan magana a bainar jama'a. Wataƙila akwai kabarin da yake ziyarta shi kaɗai.

Sai ga namijin da magidancin ya so ya bayyana a hoton. Matar tsohon ta ɗaga kai, ta daɗe tana dubansa.

"Tsohona, ka lura? Har tsayuwarsa irin ta Evaristo ɗinka ce."

Ya gyaɗa kai. Ita ce ta zaro hankici ta share masa ido.