Karan Dawa a Bayan Ƙofa

Jiya jikata ta dawo daga wajen tela da tef ɗin awo rataye a wuya, ta ce in tsaya ta auna tsawona. Na daka mata tsawar da ta sa ta saki tef ɗin a ƙasa. Yarinya ba ta yi laifi ba, na sani. Amma ni ba a auna ni, a tsaye ko a kwance. Bari in gaya muku dalili, tunda masu hana ni faɗa duk sun tafi.

A zangon Salaga na tashi, a gidan kakata ta wajen uba. Farin yadi take sayarwa a ƙofar gida, kuma ba ta taɓa riƙe sandar awo ba. Daga gwiwar hannunta zuwa kan dogon yatsanta, kamu ɗaya ke nan. Igiyar rijiya da gaba ake auna ta, mutum ya ware hannu biyu. Baba kuwa, da yake fataucin goro zuwa Yendi da Bawku, da kwana yake auna hanya. Yawancin masu sayen farin Kaka ba da fara'a suke zuwa ba, don likkafani suke nema. Sai ta tambayi wanda ya rasu, ta lumshe ido, ta ja yadin a hannunta ta yage. Ban taɓa jin an dawo an ce ya gaza ba.

Ni aka fara sawa boko a gidan. Ranar da tica ya ɗaga rula ya ce inci goma sha biyu ƙafa ɗaya ne, ƙafa uku yadi, ya ƙara da cewa wai wani sarkin Turawa ne ya miƙa hannu, daga hancinsa zuwa babban yatsansa aka ce yadi. Na taho gida ina rawar kai, na kwashe duka na gaya wa Kaka.

"Sarkin yana raye?" in ji ta.

"Ya mutu tun tuni, Kaka."

"Ashe da hannun gawa kuke awo." Ta tofar da goronta.

Rula ɗaya ce a ajin gaba ɗaya, don haka tica ya ce kowa ya zo da igiya ko sanda daidai tsawon wani a gidansu, a ɗora mata rula. An gama yankan dawa, kara jibge a bayan gida. Da rana tsaka na tarar da ƙanena, ɗan shekara huɗu, yana barci a tabarma. Na shimfiɗa kara a gefensa, daga kai zuwa diddige, na karya shi cif.

Ƙarar ƙwarya na ji a ƙasa. Mma, mahaifiyarmu, tana tsaye, hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Ke, me ya yi miki?"

Wallahi ban sani ba. 'Yan mata ba sa zuwa makabarta, wa zai gaya mini cewa gawa kaɗai ake aunawa da kara, a kai wa masu haƙa kabari? Mma ta fizge shi za ta sa a murhu, Kaka ta riƙe hannunta.

"Bar shi. An riga an yanka, sai ya sami mai shi."

Kafin la'asar jikin yaron ya ɗau zafi kamar tukunya. Kwana uku ko ruwa ba ya zama a cikinsa. Malamin unguwa ya zo da rubutu, ya yi wa mata faɗa, ya ce kara ba ya kashe kowa, ajali na Allah ne. Kaka ta ce haka ne, malam. Ni kuwa tsoro ya hana ni ko kallon tabarmar.

Da hantsin rana ta huɗu Kaka ta kira ni ɗakinta, ta ce in zo da wani kara da zare. Ta kwanta a miƙe, hannuwa a gefe, ta ajiye karan ƙanena daidai kanta. Ko ƙugunta bai wuce ba sosai.

"Ke kika fara, ke za ki gama. Ƙara masa."

Ina kuka ina ɗaurawa, har ya kai diddiginta. Ta tashi, ta kakkaɓe zane, ta jingine karan a bayan ƙofa.

Washegari ƙanena ya farka yana neman koko. Tica ya yi mini bulala biyu don ban kawo awo ba. Kaka kuwa ko ciwon kai ba ta yi ba, tana ta cinikinta. Juma'a ta biyu, bayan azahar, aka same ta zaune jingine da bango, yadi a cinya, ta cika. Da masu haƙa suka aiko a ba su awo, Mma ta nuna bayan ƙofa kawai. Likkafanin ma yana nan a ninke ƙarƙashin matashinta, yagagge da kamunta.

Na san malam ya faɗi gaskiya, kada wani ya zo yi mini wa'azi. Yanzu ko'ina mita ake cewa, har a asibiti a tsayar da yaro jikin bango a rubuta, ba wanda ya damu. Ƙanena ya tsufa a Bawku, dogo ne ƙwarai, kuma har yau bai san komai ba. Yakan bugo waya yana mitar ƙafafunsa suna leƙowa daga gado. Nakan yi dariya in ce ya bar su su leƙo. In na ajiye wayar, sai in daɗe ina kallon yatsun da suka ƙulla zaren nan.